Daga fanel bita zuwa gyaran jikin ƙananan jirage: me zan koya, kuma a ina?

Tambaya: Wani matashi daga Kaduna ya rubuto cewa ya daɗe yana fanel bita da walda a gareji, kuma ya gama sakandare. Yana son ya koma gyaran jikin ƙananan jiragen sama, irin masu ɗaukar mutum biyu zuwa shida. Yana tambaya ko hannunsa na gareji zai yi masa amfani, me ake koyarwa, a ina ake koya, kuma ko akwai abinci a cikin sana'ar.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayar nan, domin yawancin matasan da ke zuwa mana tuƙi suke so, kaɗan ne ke tambayar wanda zai riƙe jikin jirgin da ake tuƙawa.

Hannunka zai yi maka amfani ƙwarai. Wanda ya saba da ƙarfe, ya san nauyin guduma, yana iya shafa faranti da tafin hannu ya ji inda ya lotsa, ya riga ya wuce wanda bai taɓa riƙe magagari ba. Sai dai akwai ɗabi'a guda ta gareji da dole ka ajiye ta a bakin ƙofa. A gareji, gwani shi ne wanda mai mota zai zo ya zagaya ya kasa gane inda aka buge. A wajenmu masu gyaran jirgi ɓoye rauni shi ne babban laifi. Aikinmu shi ne a tono raunin har ƙarshensa, a auna shi, a yanke shi a fitar, a maye gurbinsa yadda kamfanin da ya ƙera jirgin ya rubuta, sannan a rubuta abin da aka yi a sa hannu. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa daga nan ya samo asali.

Ka fara da sanin dalili. Murfin ƙofar mota ko gefen taya ado ne da kariya; in ya lotsa mota za ta ci gaba da tafiya. A yawancin ƙananan jirage kuwa fatar jirgin tana cikin abin da ke ɗaukar nauyi. Ɗauki Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera sama da 44,000, har ya zama jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi. Fatarsa a wurare da yawa kaurinta inci 0.025 ne ko 0.032, wato bai kai milimita ɗaya ba. A cikin fiffike akwai ginshiƙi da ya miƙe daga gindi zuwa baki, akwai haƙarƙari da ke ba fiffiken siffarsa, akwai siraran sanduna da ke bin tsawonsa, amma in ka cire fatar duk waɗannan ba za su iya hana fiffiken murɗewa ba. Kamar ƙwarya ce: ba ta da nauyi, ƙarfinta a jikin ɓawonta yake, kuma da zarar ta tsage, tsagar tafiya take yi sai an tare ta an ɗinke. Saboda haka ƙaramin lotsi ko ƙarzuwa da za ka yi wa dariya a jikin mota, a jikin jirgi sai an ɗauko ma'auni.

Sai ƙarfen kansa. Abin da za ka fi taɓawa shi ne alminiyom mai lamba 2024-T3. Lambar farko tana nuna gaurayen, wato alminiyom da aka haɗa da jan ƙarfe kimanin kashi huɗu cikin ɗari. T3 kuma tana nuna yadda aka gasa shi aka sarrafa shi ya yi ƙarfi. Akwai 7075-T6 da ya fi shi ƙarfi, da 6061-T6 da ya fi sauƙin sarrafawa. Abin da ya shafe ka kai mai walda shi ne, ƙarfin 2024 daga wannan gashin ya zo, kuma wuta tana warware shi. In ka kai masa harshen wuta don ka miƙar da lotsi, yadda ka saba, ka mayar da shi laushi ba tare da idonka ya ga wani canji ba, tunda alminiyom ba ya yin ja kafin ya narke. Ba a yi masa walda a wurin da ke ɗaukar nauyi. Ba a cika lotsin jikin jirgi da bodi fila. Farantin da ya lanƙwashe har ya yi kaifi ba a bugo shi da guduma a ce ya dawo, domin wurin ya riga ya taurare, tsaga ce ke jira. Kuma farantin yana zuwa da siririn lulluɓi na tsantsar alminiyom a fuskokinsa biyu, shi ne ke kare shi daga tsatsa. Shi ya sa ba a zana layi a kansa da tsinken ƙarfe sai a inda za a yanke, ba a rubutu a kansa da fensirin gawayi irin na makaranta, ba a goge shi da soson ƙarfe ko burushin baƙin ƙarfe. Kowanne daga cikin waɗannan yana barin abin da zai haifar da tsatsa bayan ka manta.

Tunda ba walda, da me ake haɗawa? Da ribit, wato ƙusar alminiyom da ake dannewa ta yi kai a ɗaya gefen. Nan ne zuciyar sana'ar, kuma nan za ka fi daɗewa a makaranta, don haka bari in tsaya a kai.

Ribit ɗin jirgi ba irin wanda ake ja da filaya a shagon masu tagogi ba ne. Daskararre ne, ba rami a cikinsa. Iri biyu za ka fi gani: mai kai a tashe, lambarsa AN470, da mai kai da ke nutsewa ya daidaita da fata, AN426, wanda kusurwar kansa digiri 100 ce. Kaurinsa ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin 32 na inci, tsawonsa da kashi ɗaya cikin 16. In ka ga an rubuta AN470AD4-5, ka san mai kai a tashe ne, na gaurayen 2117, kauri 4/32 wato 1/8, tsawo 5/16. Kusan kowane gauraye yana da alama a kansa. Na 2117 ɗan ɗigon rami ne a tsakiya. Akwai ma wani iri na 2024 da ake gasawa a ajiye a firiza, domin in ya zauna a zafin ɗaki yakan taurare ya ƙi dannuwa sai ya tsage.

Ƙa'idojin da malaminka zai sa ka haddace su ne waɗannan, kuma duk da kaurin ribit ake auna su. Kaurin ribit ya zama kamar ninki uku na farantin da ya fi kauri a haɗin. Daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti kada ya gaza ninki biyu na kaurin ribit, in mai nutsewa ne ninki biyu da rabi, in ba haka ba faranti zai yage ta bakin. Tsakanin ribit da ɗan'uwansa kada ya gaza ninki uku. Kafin a danne, abin da ya leƙo ta baya ya zama ninki ɗaya da rabi. Bayan an danne, sabon kan ya zama faɗinsa ninki ɗaya da rabi, tsayinsa rabin kaurin. Ramin ribit mai 3/32 da bakin huji mai lamba 40 ake yin sa, na 1/8 da lamba 30, na 5/32 da lamba 21. Bayan huji sai an kankare ƙaiƙayin bakin kowane rami, a share ɓarɓashin da ya shiga tsakanin faranti biyu. Kafin a fara dannawa ana riƙe farantan da wasu 'yan maƙalai da ake kira Cleco, launinsu ke nuna girmansu: fari na 3/32, mai launin jan ƙarfe na 1/8, baƙi na 5/32.

Dannawar kanta sau da yawa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da bindigar iska, ɗaya yana ciki ya tokare bayan ribit da dunƙulen ƙarfe mai santsi, wani lokaci hannunsa ya shige cikin fiffike har kafaɗa, ba ya ganin abin da yake yi. Ba sa jin maganar juna saboda ƙara, da ƙwanƙwasa suke magana: ƙara, ya isa, ya lalace. In bindiga ta zame ta yi wa fata tabo, in kan ya kwanta gefe ɗaya, in ya tsage, sai a cire. Cirewar ma darasi ce mai zaman kanta. Kan kawai ake hudawa, da bakin da bai kai ramin girma ba, a ɓalle kan, a tura sauran da tsinke. Wanda ya huda har ƙasa yakan faɗaɗa ramin, kuma ramin da ya faɗaɗa sai dai a ƙara girman ribit, in akwai sauran tazara a bakin faranti. In babu, farantin gaba ɗaya ya tafi. Wani abu kuma: fata siririya ba a ƙwaƙule ta don kan ribit ya nutse, domin bakin ramin zai yi kaifi ya zama mafarin tsaga. Lotsa ta ake yi da wani ɗan matsi na musamman. Na fi sanin ɗalibi ta yadda yake cire ribit fiye da yadda yake danna shi, domin a nan haƙurinsa ke bayyana.

Za kuma ka koyi lanƙwasa faranti da lissafi. Kowane gauraye da kowane kauri yana da iyakar ƙanƙantar kwanar da zai jure. Faranti yana da jijiya da ta bi hanyar da aka murza shi a masana'anta, ana so lanƙwasa ta gitta ta. Kafin ka yanke sai ka lissafa abin da kwana za ta ci, don in ka gama lanƙwasawa haƙarƙarin ya shiga wurinsa daidai. Ba lissafi ne mai wuya ba, amma wanda ya raina ɓangarorin inci zai sha wahala, domin yawancin ƙananan jiragen duniya na Amurka ne, da inci aka zana su.

Faci yana da manufa uku: ya dawo da ƙarfin asali, ya dawo da siffar asali, kada ya ƙara nauyin da ba dole ba. Ana yanke wurin da ya lalace a fitar da shi duka, a zagaye kusurwoyin ramin, tunda kusurwa mai kaifi nan tsaga ke farawa. Farantin faci ya zama gauraye ɗaya da na asali, kauri ɗaya ko mataki ɗaya sama. Sabon shiga yakan ɗauka cewa in ya sa faranti mai kauri sosai ya yi taka-tsantsan. Ba haka ba ne. Wurin da ya fi kewayensa tauri yakan tara nauyi a bakinsa, sai tsaga ta ɓullo a layin ribit na ƙarshe. Yawan ribit da jerinsu ma ba da ido ake zaɓa ba, lissafi ne da ke cikin kundin gyara na kamfanin da ya ƙera jirgin.

Akwai darasin da babu makarantar gyaran jirgi da ba ta koyar da shi, ko da yake babban jirgi ne. A 1978 wani Boeing 747 na kamfanin Japan Airlines ya bugi ƙasa da wutsiyarsa wajen sauka a Osaka, bangon baya mai riƙe iskar cikin jirgi ya lalace. Umarnin gyara ya ce a haɗa da faranti guda wanda jeri biyu na ribit za su riƙe. Masu gyara suka raba farantin biyu, sai wani sashe ya zama jeri ɗaya ne ke ɗauke da nauyin. Aka shafe da abin toshe iska, ba mai gani. Jirgin ya tashi ya sauka sama da sau 12,000. Ranar 12 ga Agusta, 1985 bangon ya fashe, ya tafi da jelar jirgin da bututun man sarrafa shi, mutum 520 suka rasu. A 2002 kuma wani 747 na China Airlines ya tarwatse a sama da mutum 225, bincike ya gano cewa tun 1980 aka rufe ƙarzuwar wutsiyarsa da faci ba tare da an yanke fatar da ta ƙarzu ba. Shekara 22 tsaga tana tafiya a ƙarƙashin facin. Duk wanda ya kalli waɗannan gyare-gyare daga waje zai ce aiki ya yi kyau.

Wannan ya kawo mu ga rabin sana'ar da ba a riƙe guduma a cikinsa, wato dubawa. Za a koya maka amfani da tocila da madubi da gilashin ƙara girma, da yadda ake haska fata daga gefe don lotsi ya nuna inuwa. Za ka koyi cewa baƙin zane da ya fito daga gindin ribit alama ce ta ya saki yana motsi, kuma fatar da ta tattare kusa da gindin fiffike ko a bangon da ke bayan inji tana ba da labarin wata muguwar sauka da wataƙila ba a rubuta ba. A jiragen koyon tuƙi wannan ya zama ruwan dare, domin ɗalibai kan fara dira da tayar gaba. Tsatsar alminiyom ba ja ba ce, farin gari ne, wani lokaci tana bin ƙarƙashin fenti kamar zare, wani lokaci tana shiga cikin ƙarfen ta kumbura shi ya riƙa ɓarewa falle-falle. Tana son ƙarƙashin batir, da hanyar hayaƙin salansa, da duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi. Tsagar da ido ba ya gani kuma akwai jan ruwa da ake shafawa ya shige ta ya fito da ita, akwai na'urar da ke aika igiyar lantarki cikin ƙarfe ta nuna inda ya katse. Waɗannan gwaje-gwaje suna da takardar shaida tasu daban, kuma wanda ya haɗa su da aikin faranti ba ya rasa mai nemansa.

Kada ka ɗauka gajiyar ƙarfe matsalar manyan jirage ce kawai. Ranar 4 ga Afrilu, 2018 a Daytona Beach ta jihar Florida, fiffiken hagu na wani Piper Arrow na makarantar tuƙi ya ɓalle jim kaɗan bayan tashi, ɗalibi da mai jarraba shi suka rasu. Tsagar ta faro ne daga ramin noti a gindin ginshiƙin fiffike, a jirgin da ya yi sauka sama da 33,000. Bayan haka hukumar jiragen Amurka ta wajabta duba waɗannan ramuka da na'ura a dubban jiragen Piper. A watan Mayu na 2019 wani Cessna 210 ya rasa fiffike kusa da Mount Isa a Ostareliya, mutum biyu suka rasu, kuma mafarin tsagar ɗan ƙaramin ramin tsatsa ne a ginshiƙin da ya ratsa saman ɗakin matuƙi. Jirage da yawa na wannan aji da ke tashi yau an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970, shi ya sa kamfanin Cessna ya fitar da ƙarin jadawalin duba tsofaffin jiragensa. Tsufan nan nasu shi ne aikinka.

Yanayinmu ma yana da nasa. Bushewar Arewa tana rage tsatsa idan aka kwatanta da Legas ko Fatakwal, inda danshi da gishirin teku ke cin alminiyom. Amma ƙurar hunturu tana taruwa a cikin ciki da gindin wutsiya, ta toshe 'yan ramukan da ruwa ke fita, damina na zuwa ta zama laka mai riƙe danshi a jikin ƙarfe. Tsuntsaye suna sheƙa a wutsiya, ɓera yana shiga, fitsarinsa kuma yana cin alminiyom, zanzaro yana gini a duk ramin da ya samu. Jirgin da aka ajiye ba ya tashi ya fi wanda ke tashi kullum lalacewa.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe musamman, tunda ka saba da fenti: sassan da ke motsi a bayan fiffike da wutsiya, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, an daidaita nauyinsu a kan maratayinsu. Ƙarin fenti ko ɗan faci a bakin baya yana iya ɓata wannan daidaito, sai sashen ya kama karkarwa a cikin iska, kuma karkarwar nan tana iya yage wutsiya cikin daƙiƙoƙi. Duk lokacin da aka gyara ko aka fente irin wannan sashe sai an cire shi an auna daidaitonsa kafin a mayar.

Waldarka za ta yi rana a wani wuri. Jirage irin su Piper Super Cub da yawancin jiragen feshin gona ƙashinsu bututun ƙarfe ne mai lamba 4130, haka ma abin da ke riƙe inji a kusan kowane ƙaramin jirgi. Ana yi masa walda da iskar gas ko da TIG, wato waldar lantarki mai kariyar iskar argon, ba da sandar lantarki irin ta ƙofofi ba, domin bangon bututun siriri ne ƙwarai, kuma ana barin sa ya huce da kansa, ba a zuba masa ruwa. Wasu daga cikin waɗannan jirage da yadi ake lulluɓe su, a da auduga, yanzu foliyesta da ake ɗamewa da dutsen guga mai ma'aunin zafi, a ɗinke shi a jikin haƙarƙari, a shafa masa ruwan da ke kare shi daga rana. Za a kuma nuna maka aikin katako, amma da wuya ka gamu da shi a nan.

Wanda za ka gamu da shi shi ne faiba. Sababbin ƙananan jirage irin su Cirrus da Diamond jikinsu zaren gilashi ne da zaren kabon da aka jiƙa da gam ɗin efoksi, kuma kwalejin jiragen sama ta Zariya kanta ta sayi Diamond DA40 da DA42 don koyar da tuƙi. Wannan wata duniya ce. Alminiyom in ya bugu yakan lotsa ya nuna maka. Faiba yakan koma siffarsa alhali a ciki falle ya rabu da falle. Ana ƙwanƙwasa shi da kwabo ko ƙaramar guduma ana saurare, inda sautin ya mutu nan ciwon yake. Gyaransa shi ne a goge wurin da samfefa a gangare mai faɗi, a ƙirga fallayen da aka cire, a mayar da kowanne da zarensa yana kallon inda na asali ke kallo, a auna gam da sikeli ba da ido ba, a rufe da leda a zuƙe iska, a gasa a zafin da aka rubuta na tsawon lokacin da aka rubuta. Ƙura da maiƙon hannu da danshi duk suna ɓata shi, don haka a lokacin hunturu sai da ɗaki mai rufi. Galibinsu farare ne saboda gam ɗin yana laushi in ya yi zafi sosai. A ranar Maris ta Sakkwato ko Maiduguri wannan ba ƙaramar magana ba ce, kada wani ya sa ka fente fiffikensu da launi mai duhu.

Duk wannan a ƙarƙashin takarda yake. Kowane jirgi yana da kundin gyara na kamfaninsa, shi ke faɗin raunin da za a ƙyale, da wanda za a yi wa faci, da wanda sai an sauya sashen. In rauni ya wuce abin da ke cikin kundin, ba ka ƙirƙiro gyara da kanka, kamfanin ake rubuta wa ya aiko da zane. Ga tsofaffin ƙananan jirage da kundinsu bai yi bayani ba, akwai daftarin hukumar jiragen Amurka mai lamba AC 43.13-1B, kyauta ne a intanet, ka sauke shi tun yau. Faranti da ribit da gam kowanne da takardar asalinsa yake zuwa. Alminiyom ɗin kasuwa, komai kyansa, ba ya hawa jirgi. In an gama aiki ana ƙirga kayan aiki, domin dunƙulen ƙarfen da aka manta a cikin fiffike yana iya maƙale wayar sarrafawa.

Yanzu batun inda za ka koya. A Najeriya gyaran jiki yana cikin kwas ɗin injiniyan kula da jirgi, ɓangaren jiki da inji. Babbar ƙofa ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO. A nan Kaduna kusa da kai kuma akwai cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT, wadda ke ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB. Ka tanadi kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks. In akwai wanda ya ba ka matsala, ka sake zama jarrabawar kafin komai. Ka je ofishin rajista da ƙafarka ka karɓi sharuɗɗa da kuɗin shekarar, kada ka bi ta hannun ɗan tsakiya. Duk wata makaranta da za ta karɓi kuɗinka, ka nemi ganin shaidar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, domin ita ke ba da lasisi, kuma ba ta lissafa karatun da aka yi a inda ba ta amince da shi ba.

Ka kuma bambance takardar makaranta da lasisi. Ƙa'idar ICAO ita ce mai neman cikakken lasisi ya kai shekara 18, ya yi shekara huɗu yana aiki a kan jirage, ko shekara biyu in ya gama kwas ɗin da aka amince da shi, sannan ya ci jarrabawar hukuma. Wannan aikin sai a kamfanin gyara mai izini, ƙarƙashin injiniya mai lasisi, kuma kowane aiki ka rubuta shi a littafinka, da kwanan wata da lambar jirgi da sa hannun wanda ya duba. Na ga ƙwararrun hannu da suka tsufa suna yi wa wasu aiki saboda ba su riƙe wannan littafi ba, abin yana ci mini rai.

In Allah ya buɗa maka hanyar waje, akwai ƙasashen da suka ware gyaran jiki ya zama sana'a mai cin gashin kanta. Kanada tana da lasisi na musamman mai harafin S don masu aikin jiki kaɗai, Ostareliya ma tana da takardar koyon sana'a ta wannan ɓangare. A Amurka ana iya zama jarrabawar ɓangaren jiki bayan wata 18 na aiki, ko wata 30 in za a haɗa da inji. A Turai akwai lasisin B3 na ƙananan jirage masu injin fistin da nauyinsu bai wuce kilo 2,000 ba.

Ko akwai abinci? Gaskiya ƙananan jirage ba su da yawa a ƙasar nan. Makarantun tuƙi na Zariya da Ilorin, da sojoji, da 'yan kamfanonin haya da na safiyo, kusan su ke nan. Wanda ya ce a kan Cessna kaɗai zai rayu zai sha zaman jira. Amma ribit ɗin da ke jikin Cessna ɗan'uwan wanda ke jikin Boeing ne, ƙa'idar tazara da ta faci ɗaya ce, kuma duk lokacin da aka buɗe babban jirgi don babban dubawa, tsatsa da tsaga ake tararwa, masu faranti ake nema. Kamfanonin jiragenmu suna kashe kuɗin waje masu yawa wajen kai jirage gyara ƙetare, ɗaya daga cikin dalilan kuwa ƙarancin wuraren gyara da ƙwararrun hannu ne a gida. Ba kuma sabon abu ba ne a garinku. A Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 na koyar da sojojin sama, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, bisa zanen RV-6A na Amurka, jirgin da yawancin jikinsa alminiyom da ribit ne. Shawarata ita ce ka karanci jiki da inji gaba ɗaya don lasisi, amma ka sa a san ka da faranti da faiba.

Kafin ka samu gurbi kada ka bar gareji, shi zai biya maka kuɗin fom. Ka nemi guntayen alminiyom siriri ka riƙa gwaji da yamma: ka zana layi, ka jera ramuka goma a tazara ɗaya, ka auna ka ga nawa suka kauce, ka goge baki da magagari har ya daidaita da ma'auni. Ka saba da karanta zanen injiniya da ɓangarorin inci. Ka riƙa karanta shafi biyu ko uku na daftarin da na ambata kullum da ƙamus a gefe, domin Turancin kundin gyara yana kayar da ɗalibai fiye da guduma. Ka fara toshe kunnenka da sa tabarau da abin rufe hanci tun a gareji, saboda ƙarar bindigar ribit tana kurmantar da mutum a hankali, kuma fentin farko na jirgi da ƙurar faiba suna illa ga huhu. In ka je Zariya karɓar sharuɗɗa, ka roƙi izinin leƙa rumfar gyara, ka gaida injiniyan da ka tarar, ka ce ya nuna maka cikin fiffiken da aka buɗe da kuma littafin da ake rubuta aikin a ciki. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a hannun.